Kayan ɗakin amarya: Abin da ke kashe ƙyallin katako a Wurno da Rabah da Goronyo

Da zarar damina ta ɗauke, aka girbe gero, shinkafar fadama ta shiga buhu, sai hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta bi ta Achida zuwa Goronyo ta fara ganin wani kaya na daban. Motocin a-kori-kura ne ɗauke da fuskar gado da sif da madubi, an naɗe su da kwali da tsofaffin barguna, an ɗaure da igiya, wani yaro yana zaune a baya ya rungume gilashi kada ya fashe. Lokacin bukukuwa ya zo ke nan.

Ranar jere ɗakin amarya sai sheƙi yake yi, 'yan ganin ɗaki suna shafa katako suna sa albarka. Amma sau da yawa, kafin shekara ta zagayo labari ya sauya. Fuskar gado ta tsage, ƙofar sif ta ƙi rufuwa, saman teburin madubi ya cika da zoben farin tabo, gindin durowa kuma ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi.

Asarar ba ƙarama ba ce. A wannan yanki uba kan sayar da shinkafa ko tafarnuwa ko albasa, wani ma har sa, uwa kuma ta kwashi adashi, kafin a haɗa wa 'ya kayan ɗaki. Kayan mallakar amarya ne, kuma su ne kadarar da za ta iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin katako da fenti da kuɗin mota suka yi sama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Sauya gado da sif bayan shekara biyu ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Shin laifin kafinta ne, ko na man ƙyallin da ake kira banish, ko kuwa na yadda ake riƙe kayan? Kowanne yana da nasa kason.

Katako ba ya daina shan ruwa

Ko an sare itace an yanka shi falanki, bai daina mu'amala da iska ba. Idan iska tana da laima sai ya tsotsa ya kumbura, idan ta bushe sai ya saki ruwan ya motse. Haka zai ci gaba da yi ko da ya shekara 100.

A gabashin Sakkwato wannan kai da komo yana da tsanani. Daga Janairu zuwa Maris laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Agusta, tsakiyar damina, takan haura kashi 70, musamman a garuruwan bakin gulbi irin su Wurno da Goronyo da ke gaɓar Rima, da Rabah da ke gaɓar gulbin Sakkwato. A ma'aunin masana katako, iskar da laimarta take kashi 20 tana barin ruwan jikin katako a wajen kashi 4 zuwa 5, ita kuwa mai kashi 80 tana kai shi wajen kashi 16.

Katako ba ya motsi a tsawonsa sai ɗan abin da ba a kula da shi. A faɗinsa yake buɗewa yana tsukewa. Saman tebur mai faɗin mita ɗaya na iya sauyawa da santimita ɗaya ko fiye tsakanin damina da hunturu, gwargwadon irin itacen. Shi ya sa durowar da ke cijewa a Agusta take zamewa salin-alin a Fabrairu.

Aikin banish shi ne rage saurin wannan shiga da fita ta ruwa. Ba ya hana ta gaba ɗaya. Idan kuma fuska ɗaya kawai aka shafa, aka bar baya da ƙarƙashi tsirara, gefe ɗaya zai riga ɗaya bushewa, katakon ya banƙare. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa ƙofar sif ta karkace.

Daga kurmi zuwa bakin hamada

Mafi yawan katakon da kafintocin yankin ke aiki da shi ba a nan ya tsiro ba. Manyan motoci ne ke kawo shi daga dazuzzukan kudu irin na Ondo da Edo da Kuros Riba, da kuma jihohin tsakiya, zuwa wurin 'yan katako a Sakkwato, wani kuma ya biyo ta kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano.

Itacen da aka yanka ba da daɗewa ba ruwan jikinsa ya wuce kashi 30 cikin 100. Ko an shanya shi a kudu, laimar can ba ta barinsa ya bushe yadda iskar Sakkwato ke buƙata. To ga inda matsalar take: bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, don haka katakon da aka yanka da damina ake haɗa gado da shi a Oktoba ko Nuwamba, a fesa masa banish, a kai ɗakin amarya daidai lokacin da hunturu ke kunno kai. Cikin 'yan makonni sai ya fara motsewa. Mahaɗa ta buɗe, gam ya saki, ƙusa ta yi sako-sako, fatar banish ɗin ta tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan tsagogin ne ƙura da ruwa da ƙwari za su bi daga baya.

Kafintan da ya san aikinsa yakan sayi katako da wuri, ya jera shi a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya bar shi ya yi makonni ko watanni. Shanya shi a tsakiyar rana yana sa bayansa ya bushe ya tsage alhali cikinsa ɗanye ne.

Irin itacen ma yana da tasiri. Loko da maɗaci da kawo suna da ƙwari, kuma gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Farin katako marar nauyi ya fi araha da sauƙin aiki, amma shi ne abincin ƙwari. Madobiya, wadda aka san ta da kyau da ƙarko, ta yi wuyar samu bayan an yi ta sare ta ana fitarwa zuwa Sin, har ta kai a farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Da yake kala tana iya mayar da farin katako ja ko ruwan ƙasa, ido kaɗai ba ya raba gardama. Sai an ɗaga an ji nauyi, an leƙa ciki inda kala ba ta kai ba.

Banish iri-iri ne

Abin da mai saye ke kira banish da baki ɗaya, a wurin masu aikin ya kasu kashi-kashi, kuma ƙarkonsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne na feshi, wanda ake kira silulos, ana sirka shi da tina. A shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya yaɗa irinsa don fentin motoci, saboda yana bushewa cikin mintuna. Wannan saurin ne ya sa kafintoci ke son sa: ana iya fesa shi sau uku a yini ɗaya a ba da kaya gobe. Rauninsa shi ne duk abin da ya narkar da shi a gwangwani zai sake narkar da shi a jikin katako. Ba ya jure zafi, ba ya jure turare mai sifirit. Amfaninsa kuma shi ne sauƙin gyara, domin sabon feshi yana narkewa ya haɗe da tsoho.

Na biyu shi ne na mai, wanda ake shafawa da burushi, har da mai sinadarin foliyuretan, wanda Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a 1937. Wannan ba bushewa kawai yake yi ba, yana haɗuwa da iska ne ya ƙanƙare. Yakan ɗauki sa'o'i kafin a iya taɓa shi, kwana guda kafin a ƙara wani shafi, da kusan wata ɗaya kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Ya fi na feshi jure ruwa da zafi da karce. Sai dai yana yin rawaya da tsufa, kuma da yake yana daɗewa a jiƙe, ƙura tana manne masa.

Na uku shi ne mai haɗi biyu, irin wanda masu fentin mota ke gauraya shi da sinadarin da ke sa shi tauri. Shi ya fi duka ƙarfi da sheƙi, ya fi tsada, kuma idan ya fashe gyaransa sai an kankare. Tururinsa yana da illa ga huhu, don haka mai fesa shi yana buƙatar abin rufe hanci na musamman, ba tsumma ba.

Akwai kuma shelak, wanda ake samu daga wani ɗan ƙwaro a Indiya da Tailan, ana narkar da shi da sifirit. An fi ganin sa a jikin tsofaffin kaya. Kafin zuwan sinadaran zamani da ƙaron itatuwa ake dafa banish, ciki har da na dangin maje, itacen da mata suka san ƙaronsa a haɗin turaren wuta.

Gane wanda aka shafa ba shi da wuya. A jiƙa 'yar auduga da tina a taɓa wani ɓoyayyen wuri, kamar bayan ƙafar gado. Idan wurin ya yi danƙo nan take, silulos ne. Idan sifirit ne ya narkar da shi, shelak ne. Idan an ɗan taɓa bai nuna alama ba, na mai ne ko mai haɗi biyu.

Wanda ba katako ba

Yawancin kayan yayi da ake gani yanzu, masu santsi da farin fenti ko zanen itace, da MDF ake yin su. Garin itace ne aka cakuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe fuskarsa da siririyar takarda ko roba ko fenti. Ba ya tsagewa da hunturu kamar katako, wannan gaskiya ne. Amma ruwa ne ajalinsa. Idan ya shiga ta gefen da aka yanka ko ta ramin ƙusa, sai ya kumbura, kuma ba ya komawa ko ya bushe. Haka nan ba ya riƙe ƙusa idan aka kwance aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku.

Ga amaryar da za ta zauna a ɗaki mai daɓen ƙasa ko simintin da ke tsatsafo da laima, ko wadda ake sa ran za ta yi ƙaura, wannan abin dubawa ne tun kafin a biya kuɗi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, sai dai a nan wani lokacin mai tsadar ne ma ke riga lalacewa.

Ƙurar hunturu sanfefa ce

Hazon da ke rufe sararin Sakkwato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, ya haɗu da rairayin gida. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin yashi da ya fi kowane irin banish tauri.

Idan uwargida ta ɗauki busasshen tsumma ta dirje saman tebur da ƙarfi, daidai yake da ta goga masa sanfefa mai laushi. Karcen ba ya ganuwa a rana ɗaya. Bayan hunturu biyu sai a ga sheƙin ya dushe, a ce banish ɗin ne marar kyau.

Abin da ya dace shi ne a fara kaɗe ƙurar a hankali, sannan a goge da tsohuwar rigar auduga mai laushi wadda aka jiƙa aka matse sosai har ba ta ɗiga, a bi tsawon zanen katakon, a bi da busasshen ƙyalle nan take. Idan akwai maiƙo, ɗigon sabulun ruwa a kofi ya isa. Garin omo da sinadarin cire tabo irin Hypo da soson ƙarfe duk suna cin fatar banish.

Akwai masu shafa man gyaɗa ko kananzir ko fetur don kaya su yi ƙyalli. Man gyaɗa ba ya bushewa, ƙura yake kamawa, ya yi danƙo, daga baya ya yi wari. Kananzir da fetur kuma ga wari ga haɗarin gobara. Man goge kaya na feshi da ake saya a kanti yana ba da sheƙi na ɗan lokaci, amma da yawansu suna ɗauke da sinadarin silikon, wanda ke shiga tsagogi ya hana sabon banish kwanciya ranar da aka zo gyara. Kakin goge katako na gwangwani, sau ɗaya ko biyu a shekara, a shafa kaɗan a goge sosai, ya fi amfani.

Kasko da kwalbar humra

Babu inda banish ke shan wahala a ɗakin mace kamar saman teburin madubi. Turaren fesawa sifirit ne mafi yawansa. Ɗigo ɗaya da ya gangaro ta gindin kwalba ya isa ya narkar da silulos ya bar zobe. Humra da man shafawa suna tausasa shi sannu a hankali. Ruwan goge jan farce kuwa cinye shi yake yi nan take. Lalle da rini idan suka samu tsaga suka shiga katako, fitar da su sai an kankare.

Maganin wannan mai sauƙi ne: a jera kwalabe a kan faranti, ko a sa mai yankan gilashi ya yanko daidai faɗin teburin a ɗora a kai. Idan turare ya zube kada a goge, domin gogewa tana jan narkakken banish. A ɗora tsumma ya tsotse, a bar wurin ya bushe.

Kaskon turaren wuta matsayinsa ƙasa, nesa da katako. Zafin gindinsa yana ƙona banish, hayaƙinsa kuma yana barin danƙo a jikin sif idan kullum a gefensa ake ajiye shi. Masu turara tufafi ta hanyar sa kasko a cikin sif su rufe ƙofa suna wasa da gobara. Butar shayi da kular abinci mai zafi da kofin ruwan ƙanƙara, kowanne yana buƙatar faifai ko wani abu a ƙarƙashinsa.

Ledar da ake shimfiɗawa a kan tebur don kare shi ita ma tana iya zama matsala. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kuma ɗakin kwano ya zama tanda, sinadarin da ke sa leda laushi yana ratsawa cikin silulos, su manne da juna. Ƙyallen auduga ya fi. Rana kuma da ke shigowa ta taga tana dafa banish har ya yi rawaya ya farfashe, ta sauya launin katakon. Labule ko matsar da kayan daga saitin taga ya wadatar.

Daɓe da bango da gara

Ƙarshen katako, wato inda zarto ya yanke, ya fi ko'ina saurin zuƙar ruwa, kuma a kansa ƙafafun gado da kujera ke tsaye. Duk ranar da aka kwara ruwa a daɓe don wanke ɗaki, ƙafafun suna sha. Ya kamata a shafe ƙarƙashinsu da banish, a ɗora su kan 'yan robobi ko guntun tayil.

Kada a manna sif da bango, musamman bangon ƙasa ko wanda ruwan sama ke duka ta waje. Tazarar tafin hannu tana ba iska hanya, tana kuma ba ido damar ganin abin da ke faruwa a baya.

Abin da ake nema a gani shi ne gara. Iyayen amarya sukan kai gara ta buhuna da manja bayan biki, amma akwai ɗaya garar da ba a gayyace ta ba. Daga ƙasa take fitowa, ta gina siririyar hanya ta laka a jikin bango, ta shiga katako ta baya inda babu banish, ta cinye ciki ta bar fatar waje tana sheƙi. Sai ranar da aka dafa a ji hannu ya burma. Magina na da sun san halinta. A tsofaffin garuruwa irin Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, da azarar giginya ake rufin soro saboda gara ba ta iya mata da sauƙi.

Duba bayan kaya sau ɗaya a wata da damina ya isa a kama ta da wuri. Idan an ga hanyarta a rushe, a bi ta har inda ta fito, a toshe. Garin katako mai laushi da ke taruwa a ƙarƙashin 'yan ƙananan huji kuma alamar wani ƙwaro ne da ke cin farin katako daga ciki. Maganin kare katako irin Solignum ana shafa shi ne a jikin tsirarar katako, a waje, a bari warin ya fita kafin a shigar da kaya. Baƙin man inji da wasu ke shafawa ya dace da dirkar rumfa, bai dace da gadon da jariri zai kwanta a kai ba. Haka ma zuba fiya-fiya a cikin sif ɗin tufafi.

Ambaliya da ɗakin da aka kulle

Mutanen kwarin Rima ba su manta da Satumbar 2010 ba, lokacin da madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta cika ta batse, ruwa ya mamaye ƙauyuka da gonaki, har gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Ambaliya ƙanana kuma kusan kowace damina ana samun su a unguwannin da ke kwari.

Katakon gaske da ruwa ya shiga yana iya tsira. A wanke lakar, a ciro durowoyi tun kafin su cije, a buɗe ƙofofi, a ajiye a inuwa mai iska ya bushe sannu a hankali na wasu makonni. Fito da shi rana tsaka yana tsaga shi. MDF da ya kwana a ruwa kuwa sai dai a ceci gilashi da maratayin ƙofa.

Rashin tsaro ya kawo wata sabuwar asara. Tun hare-haren 2018 a ƙauyukan Rabah, waɗanda suka tura jama'a gudun hijira zuwa Gandi, da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, iyalai da dama sun bar gidajensu na ɗan lokaci ko na dindindin. Rai ya fi dukiya, kuma mai gudun tsira ba ya tsayawa ɗaukar sif. Amma ga wanda ya samu sararin shiri, kwance gado, a ɗora sassansa kan bulo nesa da bango, a rufe da zane maimakon leda, yana iya sa a dawo a tarar da abin amfani. Ɗakin da ya yi damina guda a kulle, babu shara babu iska, gara ce ke gadonsa.

Gyara tun bai yi nisa ba

Farin tabo yana nufin laima ce ta maƙale a cikin fatar banish, ba ta kai ga katako ba. Sau da yawa yakan fita idan aka shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga aka ɗora dutsen guga mai ɗumi, ba mai zafi ba, na 'yan daƙiƙoƙi, ana ɗagawa ana dubawa. Wasu kan shafa man basilin ya kwana. Baƙin tabo kuwa yana nufin ruwa ya isa katako, wannan aikin kafinta ne.

Idan sheƙi ya dushe amma fatar ba ta fashe ba, ba sai an kankare duka ba. A wanke maiƙo, a goga sanfefa mai laushi, lamba 220 zuwa 320, a share garin, a ƙara siririn shafi ɗaya ko biyu. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri ƙarko. Sai dai a kula, fesa silulos a kan banish na mai yana sa na ƙasan ya tattare ya ɓamɓare, shi ya sa gwajin auduga yake da muhimmanci.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Feshi a ranar da hadari ya haɗu yana fitowa da hazo-hazo fari, na tsakiyar hunturu kuma yana kwasar ƙura. Ƙarshen damina, kafin hazo ya sauko, ya fi dacewa. A yi aikin inda iska ke wucewa, nesa da murhu, tsumman da ya sha banish na mai kuma a baza shi ya bushe, domin idan aka dunƙule aka jefa a lungu yana iya ɗaukar zafi har ya kama da wuta.

Kafin a biya cikon kuɗi

Uban da zai yi odar kayan ɗaki zai taimaki kansa idan ya ba kafinta wata biyu ko uku maimakon mako biyu. Ya tambayi sunan katakon da tsawon lokacin da ya yi a shago. Ya tambayi irin banish da yawan shafi, a kuma yi ciniki a kan haka, domin kafintan da aka matse a farashi a wurin katako da banish yake fanshewa.

Ranar karɓa, a leƙa baya da ƙarƙashi a ga ko an shafe su. A danna farce a ɓoyayyen wuri: idan ya shiga, ko kuma warin tina yana tashi da ƙarfi, bai gama ƙanƙarewa ba. Irin wannan idan aka naɗe shi da bargo aka ɗaure da igiya zuwa Rabah ko Goronyo, da shatin igiyar zai isa. A makonnin farko kuma 'yan jere su yi haƙuri da ɗora kwalla da kuloli masu nauyi a kai.

A gidaje da yawa na yankin har yanzu akwai akushi da kujerar tsugunno da turmin ƙirya da suka riga masu gidan zuwa duniya. Masassaƙa sun fafe su daga gungume ɗaya, babu mahaɗa babu ƙusa, daga itacen da ya saba da iskar wurin, kuma masu su suna wanke su, su shanya a inuwa, su ɗan shafa musu mai. Gadon zamani ba zai samu wannan gatan duka ba. Amma busasshen katako, da banish ɗin da aka bari ya ƙanƙare, da tsumma mai ɗan danshi, da tazarar tafin hannu daga bango, suna iya kai shi ranar da amaryar yau za ta fara tunanin kayan ɗakin 'yarta.